Ƙwallon Dabino

Ƙarfe biyun dare aka kawo wuta.
Tarin da firij ya yi ne ya tashe ni.
Na laluba silifas da ƙafa,
na ja injin wanki zuwa bakin rariya.

Jarka shida na saya wurin Mati mai kura,
kowacce sai da muka ja ciniki kamar na rago.
Na juye biyu, na barbaɗa omo,
na jefa kayan makarantar yara da zanen gado,
na shiga ɗaki neman bula.
Kafin in fito, inji na gurnani a bushe,
kaya sun lafe a ƙasa kamar tarwaɗa a taɓo,
ruwana kuwa ya bi rariya, ya fita lungu,
yana gaida mutanen Kurna da kumfa.

Na ƙara ta uku. Ta bi 'yan'uwanta.
Na haska makunni, yana kan wanki, ba kan zubarwa ba.
Na murɗa, na mayar, na ɗaka masa duka a kwiɓi.
Ta huɗu ban taɓa ta ba.
Na zauna kan turmi ina lissafi
har ladan ya yi gyaran murya,
har suka ɗauke wutarsu.

Da safe maigida ya ce, dama kayan gwanjo ya gaji haka.
Ban tanka ba, ni na biya da kuɗin adashi.

Sai ga Sahura 'yar maƙwabta,
mai karatun lantarki a kwalejin fasaha,
ta shigo aron dutsen guga.
Ta dubi tsakar gida, ta dubi fuskata,
ta naɗe hannun riga.
"Inna Lantana, zare shi daga soket tukuna,
wutar nan ba ta sallama in za ta dawo."

Noti huɗu ta kwance, ta jera a murfin kwano.
Can ƙasa, inda tiyo ya haɗu da ciki,
ta murɗe wani baƙin marfi,
ƙarfe mai lanƙwasa ya yi tsalle, ta cafe.
"Kin ga robar nan? Ita ce mai gadi.
In ta zauna daram, ko ɗigo ba ya wucewa."
Ta sa yatsa biyu, ta zaƙulo
curin zare, yashi cikin cokali,
da ƙwallon dabino guda,
ya tokare ƙofa kamar baƙon da ya ƙi shiga, ya ƙi tafiya.

Na san mai shi.
Ɗanliti, autana, ke tara su a aljihu,
wai gona zai yi a bayan Panisau.

Ta ɗauraye robar, ta matsa ta ji ba ta tsage ba.
"Ran da ta bushe, sabuwa na nan Sabon Gari,
ba ta kai kuɗin jarka biyu ba.
Aljihu kuwa, a zazzage kafin a jiƙa.
Ruwan kura a bar shi ya kwanta,
gindin jarka a ba shuka, ba inji ba."
Ta ɗaga tiyon da na saba yasarwa a ƙasa,
ta maƙale bakinsa a ƙugiyar da ban taɓa lura da ita ba.

Muka zuba ta huɗu.
Na ja layi da gawayi daidai bakin ruwa.
Na yi shara, na ɗora sanwa, na leƙa.
Na yi azahar, na sake leƙawa.
Ruwa na nan inda na bar shi,
har fuskata na gani a ciki.

Na ƙulle mata ɗari biyar a leda, ta ƙi.
Ta ɗauki dutsen guga ta fice.

Ƙwallon kuwa Ɗanliti ya karɓe abinsa,
ya tona gefen rariya ya binne,
ya ce ai ya riga ya sha ruwa.